Abin da Rago Ya Ci da Asuba

Ranar da aka sauke muku buhunan nan a ƙofar ɗakin ajiya na ƙungiyarku, ina zaune a gefe ina jin ku. Ɗaya daga cikinku ya buga buhu da tafin hannu ya ce, "Baba, ai ku kun sha wahala a banza. Yanzu kiwo buhu ne da bokiti." Kuka yi dariya. Ba ni da bakin taro, sai na tafi gida da maganar. Karatuna bai wuce na lakwal ba, wato makarantar bokon ƙauye, saboda haka a hankali nake rubutu. Wanda ya ga dama ya karanta.

Ban raina buhu ba. Na ci abinci da shi, na aurar da ɗiya da shi. Abin da nake so ku sani shi ne buhu ba ya ƙarya kuma ba ya gaskiya. Mutanen da ke kewaye da shi su ne abin dubawa.

Aikin farko da Kawu Nomao ya ba ni shara ce. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya koya mini kiwon ragunan Layya a ƙauyenmu da ke kusa da Tanda. Na zaci zai miƙa mini ƙwaryar dusa, sai ya miƙa mini tsintsiya. Kowace safiya, bayan raguna sun bi garke zuwa daji, in share wurin kwanansu, amma kafin in share sai ya zo ya tsuguna ya duba kashin kowane ɗaya. In ƙwaya-ƙwaya ne, busasshe, ya wuce. In ya cure wuri ɗaya, ya tsaya. In ya yi ruwa yana tsami, ran nan ba a zaman lafiya a gidan sai an gano abin da ragon ya ci. Ya kan ce, "Rago ba ya magana da baki, da baya yake yi. Kai da kake ƙyamar bayansa, ba za ka taɓa jin abin da yake faɗi ba." Na yi damina da rani ina wannan shara kafin ya yarda in taɓa abincinsu.

Sayen dusa shi ne aiki na biyu, kuma a nan na koyi rashin yarda. Dusar gero da mata ke surfawa a turmi ita ce uwa, sai dai ba ta da yawa. Ta shinkafa muna da ita saboda fadama, amma akwai masu injin da ke niƙa ƙaiƙayi su gauraya, ka ɗauki buhu mai nauyi ka kai wa dabba abin da ba ya zama nama. Ta alkama daga Najeriya take shigowa. Gurya, wato ƙwayar auduga, da turto da ake matsewa daga gare ta, daga Benin ake kawo su ta gadar da ke kan gulbi. Kawu ba ya zuwa kasuwa sai da ƙaramar ƙwarya. Ya zura hannu can tsakiyar buhu, ba bakinsa ba, ya ɗebo ya zuba a ruwa. Yashi ya nutse, ƙaiƙayi ya taso, dusar kirki ta tsaya tsakani ta sa ruwan ya yi fari. Daga nan ya shinshina, ko akwai warin fumfuna. Sannan ya juya buhun ya dubi ɗinkin. In ɗinkin inji ne daga farko har ƙarshe, to. In ya ga inda aka farke aka maida da basilla, sai ya miƙe ya ce wa mai kaya, "Allah ya kawo kasuwa," ya yi gaba. Mai dusa ɗaya a Gaya ya taɓa ce masa, "Nomao, ko surukarka ba a bincika haka." Kawu ya ce, "Surukata ba ta shiga cikin ragona."

Wata shekara tunkiyar Kawu ta haifi tagwaye, duka maza, kamanninsu ɗaya. Da aka yaye su sai ya ce in zuba ido. Dukansu suna bin garke da safe su dawo da la'asar, ciyawa ɗaya, mashaya ɗaya. Amma in sun dawo, ɗaya ana ba shi cikin tafi na dusa da ɗan gurya da ɓarɓashin kanwa, ɗayan kuwa ruwa kawai. Ba mu da ma'auni, hannu ne ma'auninmu: gadon baya, gindin wutsiya, ƙirji. Duk tsawon damina na taɓa wannan na taɓa wancan ban ji wani bambanci na a zo a gani ba. Na ce, "Kawu, dusarmu fa tana tafiya banza." Ya ce, "Da damina dusa sadaka ce. Jira." Kaka ta wuce, dabbobi suka cinye karan gonaki, daji ya bushe. A nan suka rabu. Mai cin dusa ya ci gaba da cika, gashinsa na sheƙi, ƙashin bayansa ya ɓace a ƙarƙashin hannu. Ɗan'uwansa ya tsaya cik, daga baya ma ya fara komawa baya, har ka iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Mai saye da ya zo bai yarda uwarsu ɗaya ba.

To wannan shi ne alherin ƙarin abinci, kuma gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma Kawu ya haɗa mini da sharaɗi. Ya ce ciyawa tuwo ce, dusa miya ce, kuma ba a taɓa jin wanda ya rayu da miya zalla ba. Ya ce a ba su da yamma, bayan sun yini suna ci a daji. In ka cika wa rago ciki da safe, zai je ya nemi inuwa ya kwanta, ciyawar da Allah ya ba ka kyauta ya bar ta, ka zama kana sayen abin da da ba sai ka saya ba. Ya kuma ce cikin dabba almajirin kansa ne, koyo yake yi. Sabon abinci da kaɗan ake farawa, ana ƙarawa sannu sannu. Wanda ya juye wa rago ƙwarya guda ranar farko, wuƙa ya wasa masa.

Akwai abu guda da kuka tashi kuka tarar, ƙila ba ku taɓa tambayar dalilinsa ba. A garinmu ba a faɗin abin da ragon Layya yake ci. Tsoron baki ne. Mutum ya dubi ragonka ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau," bai ce tubarkalla ba, sai hankalinka ya tashi. Saboda haka ake ba su abinci a bayan ɗaki, a cikin zana, inda maƙwabci ba ya gani. In an tambaye ka, amsar guda ce: "Ciyawa ce kawai, da albarkar Allah." Kowa ya san ba haka ba ne, kuma ba wanda ke ɗaukar ta ƙarya. Kamar mara lafiya ne da ake gaisarwa ya ce lafiya lau. Kawu ma haka yake amsawa. Amma ya ja mini kunne da abu ɗaya. Ya ce, "Ka ɓoye wa maƙwabci, ka ɓoye wa dillali. Kada ka ɓoye wa wanda zai yini da dabbar a rana."

Wanda ke yini da dabbobinmu a rana shi ne Hammadi. Bafillace ne, rugarsu na bayan gari wajen giginyu, nan aka binne mahaifinsa, wanda shi ma kiwon garin ya yi. Kowace safiya mutane su koro tumakinsu gindin tsamiyar da ke bakin gari, shi ya karɓa ya wuce da su. Tsarana ne. Ni Ba'are ne a ƙabila, shi Bafillace, kun san abin da ke tsakaninmu, wasa ne tun kakanni. Ban taɓa kai masa raguna ya gaishe ni da daɗi ba. Kaɗo yake kirana, yadda suke ce wa wanda ba Bafillace ba.

"Kaɗo, bawana, mi ka ba yarana jiya?"

"Abin da ba ku taɓa gani ba a ruga. Dusa da gurya."

"Ka ba su, ko ka ba kanka? Na ga kumatunka sun fi nasu cika."

"Tafi can, mai ƙafar sanda. In iska ta taso ka riƙe wutsiyar ragona kada ta kwashe ka."

Cikin wannan zagin nake gaya masa komai: wanda na ƙara wa, wanda bai cinye nasa ba, wanda na canza wa dusa. Shi kuma da la'asar ya gaya mini wanda ya ci da kyau da wanda ya tsaya baya. Wata rana wani ragona ya faɗa rami ya karye. A kafaɗa ya ɗauko shi tun daga tudu, ya ɗora ƙafar da tsinken kara da tsumma, ya ce in biya shi da ɗiyata. Ƙafar ta kama, ragon ya kai Layya.

Masu saye kuwa kowa da idonsa. Ma'aikaci daga Gaya ƙaho yake kallo da tsayi, ya ɗauki hoto a talho ya aika wa matarsa, ita ta yanke. Fatake masu wucewa da su Najeriya ba sa kallon ƙaho, hannu suke kaiwa gindin wutsiya su matsa, su kushe ragon tun daga kai har kofato sannan su taya. Tsofaffin mata su ne masu wuya, su buɗe baki su dubi haƙori, su tambayi wanda ya kiwata. Akwai kuma masu ba rago gishiri da daren kasuwa, da safe su bar shi ya sha ruwa har cikinsa ya yi tulu. An taɓa sayar mini da irinsa ina saurayi. Kafin mu iso gida rabin ragon ya tsiyaye a hanya. Tun daga ranar, kowane rago aka kawo mini sai na danna kwiɓinsa na hagu. Cikin da ke da ciyawa yana lotsawa kamar curin tuwo, ya riƙe sawun yatsa. Na ruwa yana kaɗawa. Na iska yana amo kamar ganga.

Muguwar shekarar ita ce wadda aka rufe iyaka. Kun gan ta da idonku, ba sai na ba ku labarin kamyoyi, manyan motocin kaya, da suka yi layi ba. Abin da ƙila ba ku lura da shi ba shi ne abin da ta yi wa masu kiwo. Turto ya ɓace. Dusa ta yi tsada har mata suka daina zubar da ruwan surfe. Harawa ba ta yi yawa ba. Ga Layya ta faɗo a ƙarshen bazara, lokacin da daji ba komai sai ƙasa da ƙaya. Raguna suka rame. Kowa na duban nasa yana duban wata.

Sai buhuna suka fara shigowa ta gulbi a kwalekwale, a makare. Wani iri ne da ba mu saba da shi ba, ƙwaya-ƙwaya, mai hatsi da yawa a ciki, irin wanda ma'aikata ke kira alima. Na gwada shi a ruwa, na shinshina, ban sami aibu ba. Abinci ne mai kyau, sai dai mai ƙarfi. Wata ma'aikaciyar kiwo ta zo har gindin tsamiya ta yi bayani, kuma daidai ta faɗa: a fara da cikin tafi, a ba su bayan sun dawo kiwo, a ƙara a hankali. Kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda ya ce ya saya. Amma ina ganin babura na shigowa da almuru da kaya a lulluɓe a baya.

Ba a jima ba raguna suka fara faɗuwa. Zawo mai tsami, cizon haƙora, kwiɓin hagu a kumbure, wasu na tsayuwa kamar a kan garwashi suna ɗage kofato. Wanda nasa ya yi tsanani ya yanka a cikin gida da sauri, mata suka wanke kayan ciki a bayan ɗaki, ba wanda ya gani. In ka je jaje ka tambaya ko an ba shi wani abu, sai a ce, "Ciyawa ce kawai." To in ciyawa ce kawai, ciyawa a hannun wa take?

An yi ruwan farko a lokacin, ƙasa ta ɗan tsattsago. Sai magana ta tashi cewa Hammadi na kai dabbobi fadama suna cin gyauron dawa, wanda kowa ya san yana kashewa. Wasu suka ce lambun da aka yi wa feshi yake bari su shiga. Wasu suka tuno cewa an taɓa cin wani danginsa tara saboda shanu sun yi ɓarna a gona, suka ce ramuwa ce. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Alhaji Tanko, mai motocin ɗaukar kaya. Yana da wani farin rago balami da ba a taɓa ganin irinsa a garin ba, har yara na kiransa Kamyo. Wani ƙaramin ragonsa ya riga ya mutu, ya ce ba zai jira a kashe masa babban ba.

Da la'asar ɗin wata rana Hammadi ya kawo mini ragunana bai zage ni ba. Nan na san abin ya kai masa. Ya ce, "Mamman, da ƙoshi suke zo mini. Hantsi bai yi ba sun kwanta. Ba su ci, sai shan ruwa. Na tambayi masu su, kowa ya ce bai ba su komai ba."

Washegari na bi garken da kaina. Ban bi shi don na yarda da shi ba, ban kuma bi shi don ina zarginsa ba. Sana'ar ce ta hana ni karɓar abin da ban gani ba. Tudu ya hau da su, bai ko kalli fadama ba. Ya kakkaɓo musu ƴaƴan gawo, ya kai su inda busasshiyar ciyawa ta rage a gindin sabara. Tumaki mata suka duƙufa. Dabbobin talakawa, waɗanda masu su ba su da abin sayen buhu, suka ci har suna ture juna. Manyan ragunan Layya kuwa suka taru a inuwa suna haki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na danna kwiɓi. Ba curin ciyawa na ji ba. Abu ne mai kaɗawa kamar kunu a gora.

Na dawo na faɗa a masallaci bayan magariba. Na ce ciyawa ɗaya duka suke ci, me ya sa ba ta kashe tumakin gwauruwa sai ragon mai hali? Wani ya ce tumaki mata sun fi juriya. Wani ya ce, "To kai naka me ya sa suke lafiya? Ba don abokin wasanka ne yake ware maka su ba?" Na ce nawa da yamma suke ci, kaɗan kaɗan, kuma makiyayi ya sani. Na faɗi abin da ba a faɗi. Ba wanda ya bi bayana. Na gane abin da ya faru. Sun ga lokaci ya ƙure, suna so su cika raguna cikin ƴan makonni, sai suka riƙa juye musu da yamma, su kuma sake juye musu da asuba kafin gari ya waye, don kada maƙwabci ya gani. Kowa na zaton shi kaɗai ke yi. Kowa kuma ya fi so laifin ya zama na daji.

Maigari ya sa ranar zama, da safe, a gindin tsamiya, lokacin da ake tara dabbobi. Abin da za a yanke shi ne ko a karɓe garken daga hannun Hammadi, ya biya waɗanda suka mutu, ya kuma tashi daga wajen giginyu. Ya zo ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, bai zauna ba.

Maigari ya bi masu raguna ɗaya ɗaya. "Kana ba naka wani abu kafin ya fito?"

"Ciyawa ce kawai, ranka ya daɗe."

Haka na biyu, haka na uku. Amsar da muka gada ce, wadda ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ran nan ta zama shaida a kan mutum.

Alhaji Tanko ya iso a makare, ana jan Kamyo a bayansa. Ragon na tafe yana dogara ƙafa kamar tsoho, kumfa a bakinsa. Alhaji ya nuna shi ya ce, "Ga shi nan, jama'a. Jiya lafiya lau ya bi wannan mutumin. Ku dubi yadda ya kwana."

Maigari ya ce, "Alhaji, ba a ba shi komai a gida ba?"

"Ragona bai san ɗanɗanon buhu ba."

Hammadi ya matso ya ce, "Alhaji, bari in taɓa cikinsa."

"Kada hannunka ya sake sauka a kansa."

Ana cikin haka ragon ya durƙusa, ya faɗi a gefensa, ya miƙe ƙafafu. Aka yi ca. Ɗanjimma mahauci na wurin, shi ba ya rasa taro. Ya dubi idon ragon ya ce, "Alhaji, ko yanzu ko mushe." Alhaji ya ce a ɗauka a kai gida. Ɗanjimma ya ce, "Ba ya kai ƙofar gari." Aka juya shi gabas, ya yi bisimilla ya yanka.

Alhaji ya sake cewa a kai gida a feɗe. Maigari ya dube shi ya ce, "A kan cikin dabbobi muka taru. Ga ciki ya zo da kansa. A feɗe a nan."

Aka shimfiɗa ganye. Ɗanjimma ya yi aikinsa ba gaggawa, ya zaro tumbin ya ajiye, ya tsaga. Tsamin ya riga komai fitowa, kamar ƙullun koko da aka manta a tukunya. Abin da ya kwararo rawaya ne, mai ruwa, ga ƙwayoyin buhu a ciki wasu ko narkewa ba su gama yi ba. Ciyawar da ke ciki ba ta cika tafi ba. Ɗanjimma ya tsinci ƙwaya ɗaya da bakin wuƙa ya ɗaga sama.

"Alhaji, don Allah a wace fadama wagga ciyawa ke tsiro? In kai akuyata."

Mutum biyu suka fara dariya suka haɗiye ta. Alhaji ya ce wataƙila mata ne suka ba shi bai sani ba. Waɗanda suka ce ciyawa ce kawai duk ƙasa suke kallo. Maigari ya gyara zama ya ce, "Magana ta ƙare. Hammadi, kora dabbobi, rana na yi."

Shi ke nan abin da aka ce masa. Na tsaya ina jira in ji wani ya ce ya yi haƙuri. Ban ji ba, ran nan ko bayansa.

Hammadi ya jingine sandarsa a tsamiya ya shiga cikin garken. Ya bi ragunan Layya yana danna kwiɓin hagu. Wanda ya ji a cike ya kama shi ya miƙa wa mai shi, ya ce, "Wanga ya koma gida, a ba shi ruwan kanwa da busasshiyar ciyawa, a kira likita." Bai tambayi kowa komai ba. Ba wanda ya yi musu. Ma'aikaciyar kiwo ta dawo da magani, aka ceci da dama. Daga ranar mutuwar ta tsaya.

Ya riƙe garken har Layya. Kowace safiya ya karɓa, kowace la'asar ya maido, ba dabbar da ta ɓace. Bayan Salla ya bi gida gida ya damƙa wa kowa nasa. Sannan na ga matansa na kwance bukkoki. Maigari ya aika a ce masa ya zauna. Ya ce a gode masa.

Ranar da zai tafi ya zo ƙofar gidana da wata uda, baƙin gaba farin baya, budurwar tunkiya. Al'adarsu ce, habbanaye suke ce mata: a ba ka uwa ka riƙe, in ta haihu ƴaƴan naka, uwar ta koma ga mai ita. Ya miƙa mini igiyar.

"Riƙe, Kaɗo. Zan zo in karɓi abata. Ba a barin amana ta daɗe a hannun Ba'are, cinyewa yake."

"Ka zo da wuri. Ka san mu da nama."

"Da yamma za ka ba ta."

"Ni za ka koya wa?"

Ya ƙetare gulbi wajen danginsa a ƙasar Benin. Da ranin da ya wuce wani mai kwalekwale ya aiko mini cewa ya rasu, ciwon kwana kaɗan. Labarin ya iso bayan an binne shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tunkiyar ta haihu, ta sake haihuwa. Na aika wa ƴaƴansa su zo su karɓi uwar, har yau ba wanda ya zo.

To, ku da kuke da buhuna a ɗakin ajiya. Ku yi amfani da su, za su cika muku raguna in rani ya yi, za ku ga bambancin da hannunku. Ku ɓoye wa maƙwabta in kuna so, ban ce ku bar abin da kuka gada ba. Amma gobe in kun koro dabbobinku gindin tsamiya, sabon makiyayin da aka ɗauko zai tambaye ku abin da suka ci. Baƙo ne, bai san amsarmu ba, zai ɗauke ta da gaske. Ku gaya masa gaskiya, ko da a kunne ne.

Za ku tarar da ni a wurin ina bin raguna ina danna kwiɓin hagu. Kada ku ji haushi in na taɓa naku. Ba zan tambaye ku komai ba, na daina tambayar masu raguna. In garke ya tashi, ku dubi wadda ke gaba, baƙin gaba farin baya. Baƙon bai gama sanin dajinmu ba, ita yake bi. Tudu take hawa da su.